Ruwa yana kwanciya a fitilar motata, zan iya gyara ta a gida?

Assalamu alaikum. Ina da Corolla, da ita nake zuwa shago, kuma sai bayan isha'i nake komawa gida. Kafin damina wani mai adaidaita sahu ya goge ni ta gefen dama, aka kai wa mai gyaran jiki ya daidaita bamba. A lokacin ne kuma na sa aka canza mini ƙwayayen fitila zuwa fararen nan masu fanka a baya. Tun da ruwa ya kankama a watan Agusta fitilar dama take yin gumi, yanzu har ruwa ne ke kwanciya a ƙasanta, ƙwan ya mutu sau biyu. An zagaye mini bakinta da gam, abin sai ƙaruwa ya yi. Wani ya ce a huda ƙasanta, wani ya ce in sayi wata kawai, ni kuwa kuɗin makarantar yara ne a gabana. Don Allah ku ba ni shawara.

Mai karatu, daga Sharaɗa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Ƙwarai za ka iya gyara ta a gida, kuma bisa abin da ka bayyana da wuya ta kai ka ga sayen wata. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ƙara ko ɗigon gam, kada kuma ka bari a huda ta, sai ka ga hanyar da ruwan yake bi da idonka.

Abin da yawancin masu shafa gam ba su lura da shi ba shi ne, fitilar mota ba a rufe take ruf ba, kuma ba a so ta rufu. Kamfani da kansa ya bar mata ƙofofin shan iska a bayanta. A wasu motocin 'yan gajerun bututun roba ne masu lanƙwasa, bakinsu na kallon ƙasa, a wasu kuma ɗan faci ne na wani irin ƙyalle mai barin iska ta wuce amma ya tare ruwa. Idan ka kunna fitila iskar ciki tana ɗaukar zafi ta kumbura, ta fita ta nan. Idan ka kashe, ko ruwan sama mai sanyi ya sauka a kan gilashi mai zafi, iskar ciki ta tsuke, fitilar ta zuƙo wata daga waje. To idan ƙofofin nan sun toshe, zuƙar ba za ta fasa ba, sai dai ta koma ta wurin da ya fi rauni, wato tsaga ko bakin da gam ɗinsa ya saki, ta jawo ruwan da ke kwance a wurin zuwa ciki. Ya shiga, ba shi da mafita. Muna kyautata zaton abin da ya faru da taka ke nan bayan an zagaye ta da gam: an rufe ruwa a ciki, wataƙila har da ƙofar iskar aka haɗa, ita kuwa ainihin ɓarakar tana nan yadda take.

Saboda masu karatu da ke da irin wannan damuwa, a bambance gumi da yoyo. Ɗan hazo siriri a kusurwar gilashi da sassafe ko bayan wankin mota, wanda ke bajewa cikin minti 20 zuwa 30 da kunna fitila, ba ciwo ba ne, a bar shi. Amma ɗigo-ɗigo masu gangarowa, ko ruwa kwance a ƙasa, ko fitila ɗaya ta yi ɗayar ba ta yi ba, wannan yoyo ne. Taka yoyo ce, kuma ba ta jira. Ruwa yana fasa ƙwai mai zafi, yana sa soket ya yi koren tsatsa, yana ƙona fis, mafi muni kuma yana cinye ƙyallin farantin da ke tura haske, wanda idan ya dushe ba ya dawowa. Ga shi da dare kake tafiya. Mota mai ido ɗaya a titin Sharaɗa ko na Panshekara, mai tahowa zai ɗauka babur ne, ban da tsayarwar 'yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra.

Fara da inda muka fi zargi, wanda ko sifana ba ya buƙata. Buɗe bonet, ka haska bayan fitilar dama da tocila, ka kwatanta da na hagu. Inda ƙwai ke shiga, a wasu motoci akwai hular roba ko murfin da ake murɗawa, a wasu kuma zoben roba ne a wuyan ƙwan kansa yake toshe ramin. Fararen ƙwayayen nan masu fanka gindinsu ya fi na asali girma, saboda haka sau da yawa mai sakawa yakan yanke hular, ko ya ajiye ta gefe, ko ya matse waya ta gefenta, ko kuma zoben sabon ƙwan bai cika ramin ba. Riƙe gindin ƙwan ka ɗan girgiza. Idan yana motsi, ga ƙofa nan. Duba robar ko ta tsage, ko ta bushe ta yi tauri, ko an juya ta alamar da ke nuna sama ta koma ƙasa. Kada ka manta da ƙananan soket na sigina da na fakin, su ma kowanne da zobensa, kuma masu gyaran jiki sukan mayar da su a karkace. Akwai wani abu kuma game da fararen ƙwayaye: zafinsu ta baya yake fita, ba sa ɗumama gilashin gaba yadda ƙwan asali yake yi, don haka ko ɗan gumin da aka saba ba ya saurin bushewa. Shawararmu ita ce ka koma ƙwan asali mai lambar da aka rubuta wa motarka, mai wat 51 ko 55 na ƙaramin haske, ko 60/55 idan ƙwai ɗaya ne ke yin duka biyun. Ka guji masu wat 100, suna narkar da soket su gasa farantin ciki. In kuwa ka fi son fararen, nemi doguwar hular roba da aka yi dominsu, wadda za ta rufe ramin ba tare da an yanka ba. Robar nan kada a shafa mata basilin ko baƙin mai, suna kumbura ta su lalata ta.

Daga nan sai ƙofofin iska. Zare bututun a hankali ka busa. A Kano ƙurar hunturu tana cika su, ruwan farko ya mayar da ita laka, rana ta busar. Motar da ta daɗe a ajiye kuma zanzaro yakan yi gini a ciki. Wanke su, ka mayar da bakinsu yana kallon ƙasa. Idan gam ɗin da aka shafa ya hau kansu, kankare shi.

Idan duk wannan lafiya yake, sai a sauke fitilar. Kafin ka taɓa noti, da daddare ka tsayar da mota a wuri mai daidai tana fuskantar katanga, ka kunna ƙaramin haske, ka ja layi da alli a inda hasken kowace fitila ya yanke, ka kuma yi alama a ƙasa inda tayoyi suka tsaya. Zai yi maka amfani ranar mayarwa. Washegari cire kan batir na baƙar waya. A yawancin motocin Japan sifana mai lamba 10 ce ke kwance fitila: noti biyu a sama da kake gani, sai wani a ɓoye ta gefe ko ta ƙasa, wanda sai an saki kusurwar bamba ake kai wa gare shi. Kilif-kilif na roba ana ɗaga tsakiyarsu da bakin sukuddireba kafin a zare, idan ka fizge su karyewa suke. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire. Idan ka ja fitila ta ƙi fitowa, akwai notin da ya rage, kada ka yi mata ƙarfi, kunnuwanta na roba ne. Gargaɗi ga masu motocin da ke da fitilar zenon ta asali, mai ɗan akwatin ƙarfe manne a ƙasanta: akwatin yana tayar da wuta sama da bolt 20,000 lokacin kunnawa, kuma a kansa ruwa yake taruwa. Irin wannan kada a taɓa ta da batir a haɗe, in ya jiƙe a kai wa mai wayarin.

Zare ƙwayayen duka. Kada ka riƙe gilashin ƙwai da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran zafi ƙwan ya mutu da wuri. Riƙe ta gindi, in ka taɓa ka goge da sifirit. Juya fitilar ka tsiyaye ruwan. Yanzu gwajin da zai raba gardama. Toshe duk ramukan ƙwai da ƙofofin iska da leda da tef, ka bar ɗaya, ka cusa masa guntun tiyo ka naɗe. Kaɗa omo kaɗan a ruwa, ka shafa kumfar a duk tsawon layin da gilashi ya haɗu da baƙin jiki, da bayan jikin gaba ɗaya, musamman gindin kunnuwan da noti ke kamawa. Wani ya riƙa busa tiyon da baki ko da famfon keke a hankali, kai kana kallo. Kada a sa injin falkanaiza, ƙarfinsa zai buɗe inda bai buɗe ba. Duk inda kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa, yi masa alama. Tunda an bugi gefen nan, ka tsananta kallo a kusurwar waje ta wajen fenda da gindin kunnuwa. Tsagar bugu siririya ce kamar gashi, ba ta ganuwa sai an ɗan lanƙwasa wurin, kuma galibi a sama take inda ruwan bakin bonet ke zuba.

Abin da kumfa ta nuna shi zai faɗa maka irin gyaran.

Idan tsaga ce a baƙin jikin baya, gam ba ya kama shi da kyau. Duba za ka ga an buga PP a jikinsa a yawancin fitilu, irin robar nan kuwa gam yana kwanciya ne kawai a kanta, zafi da girgiza su ɓamɓare shi. Narkarwa ake yi. Goge wurin da sanfefa, ka bi tsagar da bakin ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo har gefe biyun su narke su haɗu, sannan ka narka siririn yanki na roba iri ɗaya a kai, daga tsohuwar fitila ko tsohon bamba mai alamar PP. Ka wuce ƙarshen tsagar da kamar santimita 1 ta kowane gefe, don a nan take ci gaba. Yi a waje inda iska ke kaɗawa, hayaƙin ba shi da kyau. Idan ba ka da ƙarfen, masu ɗinkin bamba a Ƙofar Ruwa aikinsu ke nan, ka kai musu fitilar a hannu da alamarka a jiki.

Idan ɗan wuri ne a layin haɗi, ba sai an buɗe ba. Sai dai dole a cire gam ɗin da aka shafa maka tukuna, domin sabon silikon ba ya kama tsoho. Kankare shi da itace ko tsohon katin waya, ba da wuƙa ba. Goge da sifirit a tsumma. Fetur, tina da man wanke burki kada su kusanci gilashin, domin ba gilashi ba ne na gaske, wata roba ce mai ƙarfi da waɗannan ke sa ta tsattsage ta yi fari. Wajen sayen silikon ka nemi wanda aka rubuta Neutral a jikinsa. Wanda ke da warin tsami idan an buɗe, asid ɗin ruwan kal ne yake fitarwa yayin bushewa, tururinsa yana cin ƙyallin ciki da bakin wayoyi. Sufa gulu ma haka, tururinsa yana barin farin tabo a cikin gilashi wanda ba ya gogewa. Matsa siririn layi, ka danna shi cikin ramin da yatsa mai ɗan ruwan sabulu, ya wuce alamarka da santimita 3 zuwa 4 ta kowane ɓangare. Ba yawa ake so ba, shiga ake so. A bar shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

Amma kafin kowace rufewa, cikin ya bushe ƙarau, in ba haka ba ka sake ɗaure ruwa a ciki. Ajiye ta a rana yini guda, ramukan ƙwai suna kallon sama, ka yafa musu siririn ƙyalle saboda ƙura. Ko ka ari handiraya a cikin gida, ka sa ta a matsakaicin zafi, ka hura ta rami ɗaya iskar ta fita ta wani, minti 15 zuwa 20, kana hutar da ita. Tana jan wuta da yawa, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani suna taimakawa: ɗaure uku ko huɗu da zare, zura su ciki su kwana, ka zaro su da safe. Kada a bar su a ciki, idan sun ƙoshi ba sa ƙara tsotsa, kuma suna iya faɗawa kan ƙwai. Idan ruwan ya bar laka ko tabo, ɗauraye da ruwan batir, wato tataccen ruwan nan marar asid, ka tabbatar ba mai asid aka ba ka ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana bushewa ya bar farin gishiri. Kada ka zura tsumma a kan sanda ka ce za ka goge farantin ciki. Ƙyallinsa fentin alminiyom ne siriri ƙwarai, shafa ɗaya ke kwashe shi.

Buɗe fitila gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, sai idan kumfa ta fito a wurare da yawa, ko datti ya yi yawa a ciki. A nan ne ake neman gira a rasa ido, don haka fara da gwada irin gam ɗin kamfani. Soka bakin sukuddireba a layin haɗi. Idan yana da laushi, yana manne, yana miƙewa kamar cingam, butil ne, zafi yana sakinsa. Idan kuwa yana da tauri yana turo ƙarfen baya, irin wanda ba ya narkewa ne, kada ka buɗe shi a gida, tsaya a kan gyaran waje. Ga mai butil: cire duk sukurori da ƙarafan da ke riƙe gilashi, da ƙwayaye da hular roba. Sa fitilar a babban kwali, ka huda gefe ka zura bakin handiraya yadda iskar ba za ta doki gilashi kai tsaye ba, ka rufe, minti 10 zuwa 15, kana tsaye a wurin. Butil yana sakin jiki a wajen digiri 100, ita kuma robar gilashin tana fara lalacewa a wajen digiri 145, tazarar ba ta da yawa. Shi ya sa ba mu yarda da oban ɗin gas, ko risho, ko gawayi ba, ba ka da iko da zafinsu. Sa safar hannu, fara daga kusurwa, ka ɗaga haƙoran roba ɗaya bayan ɗaya, ka raba a hankali kana yanke zaren gam ɗin da ke miƙewa don kada ya faɗa kan faranti. Idan ya yi tauri a tsakiyar aiki mayar da ita kwali, kada ka ƙara ƙarfi.

Kwashe tsohon gam daga kwarin tun da ɗuminsa. Sabon butil na fitila yana zuwa a naɗe kamar igiya, mita 4 galibi, ya ishi fitila biyu; tambayi masu sayar da fitilu ko masu saka gilashin mota. Fara shimfiɗa shi daga tsakiyar ƙasa, ka zagaya ka dawo, bakin biyu su hau juna a ƙasan, domin mahaɗa ita ce wuri mai rauni, ba a son ta a sama. Ja shi ya ɗan sirance ya zauna cikin kwarin, ka danna sosai a kusurwoyi, kada ya cika ya tumbatsa. Ɗora gilashi, mayar kwali minti 5 zuwa 7, fito da ita ka matse da hannu zagaye har kowane haƙori ya kama, ka ɗaure sukurori tun da zafi. Idan ta huce, maimaita gwajin kumfa kafin ta koma mota. Idan gilashin ne da kansa ya fashe ko ya yi tsaga-tsaga saboda rana, a kan samu gilashi kaɗai na motocin da suka yi yawa a gari irin taka, ka tambaya kafin ka yi cinikin fitila sukutum.

Maganar huda ƙasa: gaskiya ruwan zai tsiyaye, shi ya sa dabarar ta yaɗu. Amma ɓarakar sama tana nan, ruwa zai ci gaba da bi ta kan faranti kafin ya fita, kuma da hunturu ya shigo ramin zai shaƙo ƙura ta lulluɓe cikin, hasken ya koma ja-ja. Ba mu ba ka shawarar haka ba.

Wajen mayarwa, duba soket. Idan ya yi kore, goge bakin ƙarafan da lallausar sanfefa har su yi haske. Idan robar ta narke, a canza soket ɗin, ba shi da tsada. Cire tef ɗin da ka toshe ƙofofin iska da shi, mutane da yawa suna mantawa. Ɗaure noti daidai, matsewa da yawa tana tsaga kunnen da ka gyara. Koma katangarka da dare, tayoyi a kan alamarsu, ka daidaita hasken da sukurorin saiti da ke bayan fitila har ya zauna a layin allinka. Idan babu layi, duba jikin fitilar, wasu an buga musu 1.0% ko 1.2%, ma'ana a nisan mita 10 hasken ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar.

Akwai halin da za mu ce ka haƙura ka sayi wata: idan farantin ciki ya riga ya yi baƙi ko ya ɓare, ko jikin ya karye gida-gida. A nan ta Beljiyam mai lafiya ta fi sabuwa mai araha, wadda sau da yawa robar bakinta ba ta zama daidai. Haska cikinta ka nemi layin da tsohon ruwa ya bari, duba kunnuwa ko ɗinki ne, ka ga ko ƙofofin iskarta suna nan. Sa a haɗa mata wuta a haska bango: gefen da hasken ya ɗaga ya zama dama, wajen bakin titi. Wadda ta ɗaga ta hagu ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu ce irin Ingila da Japan, za ta riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Bayan gyara, faɗa wa masu wankin mota kada su saita bakin injin feshi a layin fitila ko a bayanta idan suna wanke inji, kuma a bar ta ta huce kafin a watsa mata ruwa. A titin da ruwa ya cika, shiga a hankali, gudu ne ke tura ruwa ya hau har bayan fitila. A kwanakin farko za ka iya ganin ɗan hazo ya dawo, sauran danshin da ya maƙale a lunguna ne. Yi tafiya da ƙaramin haske a kunne, zai fita ta ƙofofin iska. Idan bayan mako guda da ruwan sama biyu ko uku ka sake ganin ɗigo masu gangarowa, akwai ɓaraka ta biyu da kumfa ba ta nuna ba. Sauke ta ka sake gwajin, wannan karon kana ɗan murɗa jikin da hannu yayin da ake busawa, ka kuma shafa kumfar har a kewayen sukurorin saiti, su ma suna da zoben roba da ke tsufa.